Maɓallin ramuwa: daga Clash of Clans a Samaru zuwa ranar da Kwasau ya kira Turawa

1/
Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

A Clash of Clans, in aka fasa maka gari cikin dare, da safe za ka tarar da sunan wanda ya yi aikin, da adadin zinaren da ya kwashe, da wani ɗan maɓalli a gefen sunan: ramuwa. Tarihin wannan maɓallin nake so mu bi, kuma zai kai mu har cikin birnin Zazzau.

2/
Mutane na danna shi rai a ɓace, ba kowa ke lura da igiyoyin da aka ɗaure shi da su ba. Sau ɗaya tak za ka rama. A kan wanda ya buge ka kaɗai, ban da ɗan kilan ɗinsa, ban da ɗan ƙasarsu. In yana da garkuwa, ko yana cikin gem ɗin a lokacin, sai ka jira. In kuma ka rama, shi ba shi da damar rama ramuwar. Magana ta mutu a bugu biyu.

3/
Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Masu ƙera gem ɗin yaƙi sun san haka sarai, domin abincinsu ne. In ka bar ramuwa sakaka, raunana ne ke fara goge gem ɗin daga waya, daga nan masu ƙarfi su rasa wanda za su ci, kasuwa ta watse. Shi ya sa dokokin da suka fi muhimmanci a irin waɗannan wasanni su ne: wa aka yarda a taɓa, yaushe, sau nawa.

4/
Lura: ina maganar gem ɗin ne yadda yake a shekarun tashensa a nan, 2013 zuwa 2019. An canza abubuwa da yawa tun daga nan. Kada wani ya zo min da hoton allon wayarsa na jiya 😅

5/
Kamfanin Supercell na birnin Helsinki a ƙasar Finlan ne ya saki gem ɗin a Agustan 2012, a iPhone da iPad kawai. To mutum nawa ke da iPhone a Samaru a 2012? Zamanin BlackBerry ne da neman fin ɗin BBM, sauranmu kuma 2go a Nokia.

6/
Sai Oktoban 2013 ya sauka a Android. Ku duba lokacin: ASUU na tsakiyar yajin aikin da ta fara a Yuli, ba ta janye ba sai Disamba. Ɗalibai na zaune a gida ba aiki, wayoyin Tecno masu Android sun fara cika shagunan PZ, Infinix na tafe. Da aka koma makaranta, gem ɗin ya shigo ABU a aljihun mutane.

7/
Kuma ya dace da rayuwarmu. Ba ya shan data kamar bidiyo, ƙaramar waya na ɗaukarsa, hari ɗaya minti uku ne. Tsakanin lacca da lacca, a teburin mai shayi a Ɗanraka, a cikin bas daga Samaru zuwa Kwangila. Kafin kwandasta ya ba ka canji ka rushe garin wani ɗan Indonesiya.

8/
Abu ɗaya da za ku riƙe min zuwa anjima. Sabon Gari da Samaru garuruwan baƙi ne tun asali. Sabon Gari ya taso ne da layin dogo da ya iso Zariya a 1911. Samaru ta girma a gefen tashar binciken noma ta 1922, sannan jami'a a 1962. Don haka kilan ɗin Samaru ba ya zama na ƙabila ɗaya: Bahaushe, Bayarabe, Ibo, ɗan Kudancin Kaduna, duk suna turo wa juna sojoji.

9/
To mu koma kan maɓallin. A takarda ramuwa garaɓasa ce. A harin yau da kullum gem ne ke zaɓo maka abokin gaba, a ba ka daƙiƙa 30 ka leƙa garinsa, in bai yi maka ba ka biya zinare ka wuce na gaba. A ramuwa babu kuɗin nema, kuma kana iya ziyartar garinsa ka zauna kana nazarinsa. Tarkuna dai ba za ka gani ba.

10/
Wato ita ce dama ɗaya tilo a wajen yaƙin kilan da za ka haɗa runduna musamman domin gari ɗaya. Ka ga makaman kare samansa suna kan gyara? Ka haɗa dodanni masu tashi. Ka ga rumbunansa a gefe guda? Ka san ta inda za ka fasa katanga.

11/
A aikace fa? Sau da yawa kana dannawa za a ce maka yana da garkuwa. Ka dawo anjima, yana kan gem. Ka dawo gobe, wani ya riga ka ya buge shi, ya sake samun garkuwa. Kana wannan sintiri wasu na ta fasa ka, sunansa na gangarawa ƙasan jerin har ya faɗi. Damar ta tafi.

12/
Akwai kuma matsalar da ba a son faɗa: yawanci wanda ya iya rusa ka ya fi ka ƙarfi. Kuma zinarenka ba ya wurinsa. Duk ɗan wasa mai hankali da ya ci ganima, take yake zuba ta a katanga ko a gini kafin ya ajiye waya. Ka je ramuwa da zafi-zafi, ka kashe eliksa wajen horar da runduna, ka tarar da rumbu wayam.

13/
Waɗanda suka iya ramuwa a wancan zamani masu sanyin zuciya ne. Ba sa ramawa ranar da aka buge su. Suna leƙa garin mutumin safe da yamma, suna jiran ranar da rumbunsa zai kumbura, alamar yana tarin kuɗin wani babban gini. Suna lissafin agogo ma: Jakarta na gaban Zariya da awa 6, ƙarfe 8 na darenmu shi ne 2 na darensu. Mai gari na barci.

14/
Ga wani abin da ke nuna yadda kamfanin ya ɗauki ramuwa da farko. Duk harin da ka ci a lig ana ƙara maka lada a kan ganima. Ramuwa kuwa shekaru ba ta da wannan ladan, sai a 2016 aka sa mata. Kamar a ce maka: an yarda ka huce haushi, amma kada ka mai da shi sana'a.

15/
Supercell ba su suka ƙirƙiro tunanin ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 akwai gem ɗin yaƙi na intanet da babu hoto ko ɗaya, rubutu ne da alƙaluma. Mehul Patel a Amurka ya yi Earth: 2025, daga baya ya yi Utopia. Kana da ƙasa, kana da eka-eka na fili, maƙwabci ya kawo hari ya yanki wani abu.

16/
A can babu maɓallin ramuwa. 'Yan wasa ne da kansu suka rubuta doka. Kowace babbar ƙungiya na da sanarwar yadda take ramawa, a fili kowa ya karanta kafin ya taɓa ɗanta. Wasu sun ce bugu ɗaya, ramuwa ɗaya. Wasu sun ce a'a, fili da fili: za mu yi ta bugunka har sai abin da ka yanka ya dawo.

17/
Kuma akwai wa'adi, awa 48 ko 72. Ya wuce, haƙƙinka ya faɗi. In ka rama bayan wa'adi, ko ka wuce adadi, kai ne sabon mai laifi. Har jakadu suke da su, masu zama da jakadun ɗaya ɓangaren a yi cinikin diyya. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, a kan filin da babu shi a duniya.

18/
Rigimar da ba ta taɓa mutuwa a tsakaninsu ba ita ce tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu. Bugu da bugu ya fi yi wa mai ƙarfi daɗi: ya yanki babban fili, ƙaramin ya rama sau ɗaya ya samo ɗan tsito, a ce an yi daidai. Fili da fili ya fi kama da adalci, amma wa zai yi awon? Kowa na ganin saura kaɗan a biya shi. Yaƙe-yaƙen ƙungiyoyi da dama daga wannan "saura kaɗan" ɗin suka tashi.

19/
Duk wanda ya zauna a gaban malami ya ji babin kisasi da diyya zai ji abin ya yi masa kama da wani abu da ya sani: daidai da daidai, a kan mai laifi shi kaɗai, ta hannun hukuma, da ƙofar yafiya a buɗe. Yaran intanet sun yi ta lalube cikin duhu ne har suka iso kusa da bakin wannan ƙofa.

20/
Masana ma sun gwada abin da kwamfuta. A 1980 Robert Axelrod na Jami'ar Michigan ya shirya gasa: kowa ya turo manhajar da za ta yi mu'amala da sauran sau 200, a kowane zagaye ta zaɓa, ko ta riƙe amana ko ta ci amana. An turo 14. Wasu cike da dabaru da yaudara.

21/
Wadda ta ci ita ce mafi gajarta, ta Anatol Rapoport. Dokarta: fara da amana, daga nan ka yi wa mutum abin da ya yi maka a zagayen baya. Ya cuce ka, ka rama sau ɗaya. Ya dawo hanya, ka dawo, ba riƙo. Aka sake gasar da manhajoji 62, kowa ya san sirrinta, ta sake ci.

22/
Amma tana da rauni ɗaya, kuma ɗan Zariya zai gane shi kafin ɗan Michigan. Kuskure. A ce biyu masu wannan dokar suna zaune lafiya, sai saƙo ya gurɓace, ɗaya ya ɗauka an cuce shi. Ya rama. Ɗayan ya ga an buge shi ba dalili, ya rama. Haka za su yi ta yi, kowa na da gaskiya a wurinsa, ba wanda ya san mafari.

23/
A nan kuskure ba baƙo ba ne. Sabis ya yanke kana tsakiyar hari. Ƙaninka ya ɗauki wayar ya danna abin da ya ga dama. An ɗauke wuta kwana biyu, waya na wurin mai caji. Dokar nan ta "ba a rama ramuwa" maganin wannan amsa-kuwwar ce. Ko da kuskure aka fara, a bugu na biyu ake tsayawa.

24/
Yanzu garkuwa, domin ita ce ainihin abin da ke hana ramuwa aiki, kuma a kanta aka yi babbar rigimar tarihin gem ɗin. Tsohuwar doka: in aka rushe maka kashi 40 na gari, KO aka rushe fadarka kawai, ka samu garkuwar awa 12. In ɓarnar ta kai kashi 90, awa 16. Kai kuma in ka kai hari, garkuwar ta tashi gaba ɗaya.

25/
Wannan "ko" ɗin ya haifi dabarar da duk tsohon ɗan wasa ya sani: fitar da fada wajen katanga. Ka ajiye ta can a kusurwa ba mai gadi, rumbuna kuma a tsakiyar gari. Mai neman kofi ya zo da 'yan maharba kaɗan, ya rushe fadar, ya ɗauki tauraronsa ɗaya, ya tafi. Kai ka yi asarar 'yan kofuna, ka samu awa 12 na barci, zinarenka na nan.

26/
Ku duba da kyau, wannan haraji ne. Gandu. Ka miƙa wa mai ƙarfi abin da yake so cikin sauƙi don ya bar maka abin da kake so. Ba wanda ya rubuta yarjejeniyar, amma miliyoyin mutane sun bi ta. Kuma ba a cika rama irin wannan harin ba. Wa zai rama a kan wanda ya taimake shi?

27/
A ganina ba wanda dabarar ta yi wa rana kamar irinmu. Ɗan wasan da ke da wuta awa 24 da intanet a gida zai iya zama a kan gem ya tsare garinsa da idonsa. Wanda wayarsa ke mutuwa da magariba ba shi da mai gadi sai garkuwa.

28/
Disamban 2015, sabuntawar da ta kawo fada mataki na 11, Supercell ta kashe dabarar. Rushe fada ya daina ba da garkuwa. Aka ƙara dukiyar da ke cikin fadar don dole ka mai da ita ciki. Sabuwar doka: kashi 30 na ɓarna awa 12, kashi 60 awa 14, kashi 90 awa 16, kuma sai maharin ya sauke runduna ta a zo a gani.

29/
Ma'ana, in kana son kwanciyar hankali sai an yi maka duka na gaske tukuna. Mai wayo kuma ya koyi ya kwashe abin da ke waje ya tsaya ƙasa da kashi 30, ya bar ka tsirara wa na bayansa. A gefe guda an sassauta: kana iya kai hari daga cikin garkuwa, a yanke maka awa 3 a na farko, na gaba ya fi haka.

30/
Duniya ta yi ca. Aka yi ta zubar wa gem ɗin taurari a shagon manhaja. Cikin Janairun 2016 kamfanin ya fara lallashi: taskar da ɓarawo ba ya iya kwasa sosai, ladan taurari na kullum, da amalanken da ke dawo maka da wani kaso na abin da aka sace. Wato diyya, amma daga aljihun hukuma. In an mayar maka da wani abu, zafin neman ramuwa ya ragu.

31/
Ƙarshen tafiyar: a Yunin 2019 aka sake tsarin lig ɗin ƙoli, na gwanayen gwanaye. Hari 8 a rana, a kawo maka 8, gem ne ke haɗa ku. Ramuwa babu ita kwata-kwata. A matakin da aka fi iya yaƙi, nan aka cire maɓallin.

32/
Yaƙin kilan da ya zo a Afrilun 2014 ma haka yake. Ranar shiri, ranar gwabzawa, kowa hari biyu, a ƙirga taurari, a tashi. Ba a taɓa rumbunka na gida, kuma da wuya ku sake haɗuwa da waɗancan. Faɗan gaske a guruf ɗin WhatsApp ake yinsa, da wanda bai yi harinsa ba ya ce wai caji ne ya ƙare 😂

33/
To, ku sa waya a aljihu. Mu bar Samaru, mu wuce Kwangila da PZ, mu haye gadar Kubanni, Tudun Wada, Ƙofar Doka. Ganuwar nan da kuke gani ta zaizaye, ita ce garkuwar mutanen da suka yi wannan wasan da rayukansu, ba tare da kamfanin da zai tsayar da shi a bugu na biyu ba.

34/
Wajen 1808 Malam Musa ya shigo Zariya da tutar Shehu. Sarki Makau ya fice kudu zuwa Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau muke kira Suleja. Sarakuna biyu, kowa na amsa sunan Sarkin Zazzau, kowa na ganin ɗayan ne ya fara.

35/
Shekara da shekaru ana kai wa juna hari, ana tare hanyar fatake. Zariya ba ta ci Abuja ba, Abuja ba ta dawo Zariya ba. Abin da ya sauya lissafi bai zo daga fagen fama ba: a zamanin Abu Kwaka, 1851 zuwa 1877, Abuja ta buɗe wa fataken Zariya da na Bida hanya. Gaba ba ta mutu ba, a shekarun 1890 Sarki Yero ya sake ɗaukar yaƙi zuwa can bai ci garin ba. Amma an gano ayari ya fi hari riba.

36/
Ningi ta fi zafi. A shekarun 1840 Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano da mutanensa kan rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi. Magadansa, su Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, suka shafe rabin ƙarni suna kai hari Kano da Bauchi da Zazzau.

37/
Ƙarfin masarautu doki ne, doki kuwa ba ya hawa dutse. Ningawa su sauko da rani bayan an yi girbi, su buga, su koma sama. Ka tara runduna ka bi su, ka tarar da abin da ɗan Clash ya sani: yana da garkuwa. An nemi amana a wasu lokuta, an karya a wasu.

38/
A gem, ɓarawo na iya ɗaukar rabin abin da ke cikin ma'adinan da ke zube a waje, amma ɗan kaso kawai daga rumbun da ke tsakiyar gari. Haka ƙasar Zazzau take: birni na cikin ganuwa, rumada da ƙauyukan noma na fili. A zamanin Sarki Sambo, shekarun 1880, Ningawa sun iso har kusa da birni suka kwashi dubban mutane. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya kawo har da zancen haɗin baki daga cikin fada. Daga ƙarshe Sakkwato ta tuɓe Sambo.

39/
A nan kwatancen ya tsaya, kuma dole a faɗa. Ganimar wancan zamani mutane ce. Mata da yara da manoma, a ɗaure a kai kasuwa. Kuma da yake ba a iya kamo wanda ya kawo harin, ramuwar kan sauka ne a kan wanda hannu ya kai gare shi: ƙauyen gindin dutse, ko wani gari can kudu da bai san an yi ba. Kowane ɓangare ya yi wannan.

40/
Kada ku ce tsohon labari ne. Ku tuna kilan ɗin Samaru da na ce ku riƙe min. Maris 1987, rigima ta tashi a kwalejin Kafanchan, aka ƙona coci-coci a Zariya. Mayu 1992, Zangon Kataf, wutar ta iso Kaduna da Zariya. Yuni 2012, bam ya tashi a coci a Sabon Gari da Wusasa, aka tare matafiya Musulmi a hanyar Kaduna. A kowanne, waɗanda aka rama a kansu ba su ne suka yi ba.

41/
Gem ɗin da ake ce wa wasan yara bai taɓa yarda ka danna sunan wani daban ba don kawai tutarsu ɗaya da wanda ya buge ka.

42/
Saura labari ɗaya, shi ne ya kawo ni. A Clash akwai ginin da 'yan kilan ke turo maka sojojin agaji. Ka roƙa, su zo, su tsare maka gari. Ba a taɓa jin sojan agaji ya juyo ya zauna a fadarka ba. A 1902 Zazzau ta roƙi agaji.

43/
Sarki Kwasau, ɗan Yero, ya hau gado a 1897 da ƙarfin 'yan bindigarsa da goyon bayan manyan gari, ba da son Wazirin Sakkwato ba. Tun farko ke nan tsakaninsa da uwar ɗaki akwai sanyi.

44/
A yamma kuma ga Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora, wanda hare-harensa suka daɗe suna cin ƙasar Gwari har cikin yankunan da ke bin Zazzau. Shi ɗan Umaru Nagwamatse ne, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ɗan Shehu. Jinin gidan Sakkwato. Wannan ita ce garkuwarsa, kuma ba ta da wa'adin awa 12. Ka buge shi, ka taɓa gidan da ke naɗa ka. Ka kai ƙara, wurin danginsa za ka kai.

45/
Farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kontagora. Ibrahim ya tsere da jama'arsa ya yo arewa, ya yada zango wajajen Kaya da Maska, arewa maso yamma da Zariya, ya ci gaba da abin da ya saba. Yanzu ba a nesa yake ba, yana bakin ƙofa.

46/
Kwasau na da hanyoyi, ba mai daɗi ko ɗaya. Ya fita ya gwabza da jikan gidan Shehu. Ya yi shiru a cinye masa ƙasa, ya bi sawun Sambo. Ko ya kira wanda ya riga ya kori Ibrahim sau ɗaya. Ya aika wa Turawa.

47/
Suka zo. Farkon 1902 aka kama Ibrahim, aka tafi da shi. Ta fuskar ramuwa, taurari uku cif. Sai dai sojojin ba su koma ba. Aka kafa bariki a Zariya, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan.

48/
Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Ga yadda Turawa suka yi tasu ramuwar a kan mutum ɗaya: ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi, daga Zariya, ta bi ta Bebeji. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi. A Maris, Sakkwato.

49/
Kwasau bai ga wannan daga fadarsa ba. Kafin 1902 ta ƙare Turawa sun ɗauke shi zuwa Wushishi, a 1903 suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a madadinsa. A Lokoja ya rasu, 1907.

50/
Ibrahim Nagwamatse fa, wanda saboda shi aka yi kiran? A 1903 ɗin nan dai Turawa suka mayar da shi kan gadonsa a Kontagora. Ya yi sarauta har 1929.